Gudummawar Yini Ɗaya Ba Ta Jinyar Shekara

 Wannan bayani ne a kan masu fama da ciwon daji a ƙasar da a zamanin Turawa a ke kira Lardin Sakkwato, watau abin da ya zama yau Jihar Sakkwato da ta Zamfara da mafi yawan ta Kebbi, da kuma irin taimakon da jama'a su ke ba su, da wurin da taimakon nan ya ke kasawa.

Mutanen wannan ƙasa ba a san su da rowa ba. In aka yi rasuwa a unguwa, kafin a komo daga maƙabarta an cika gidan da kwanukan tuwo da ƙoren fura. In aka yi gobara, kafin toka ta huce an kawo azara da tufafi da damman gero. Amma ciwon daji ya zo da wata jarrabawa wadda irin wannan alheri bai saba da ita ba. Gama rasuwa da gobara sha'ani ne na yini ɗaya ko kwana bakwai, shi kuwa wannan ciwo jinyarsa ta kan ci wata shida, ko shekara, ko fiye da haka. Sai dangi su taru su yi karo-karo sau ɗaya, a kai majinyaci asibiti, a fara magani, kuɗi su ƙare a tsakiyar hanya, a komo da shi gida a zauna jiran hukuncin Allah. Wannan yankewar magani a tsakiya ita ce babbar matsalar da ya kamata masu taimako su sa wa ido.

GIRMAN AL'AMARIN

Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen 125,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, wajen 79,000 kuma suka rasu ta sanadinsa. A cikin mata, sankarar mama ita ce gaba, sa'an nan ta bakin mahaifa, wadda ita kaɗai ta kama mata wajen 12,000 a shekarar nan, ta yi sanadin rasuwar wajen 8,000. A cikin maza kuwa akwai sankarar da ke kama 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsara ta hana dattijo fitsari, akwai kuma ta hanta.

Wannan ƙasa tana da nata rabo na musamman. Likitocin Sakkwato sun daɗe suna ba da labarin yawan sankarar mafitsara a cikin maza, sun kuma danganta ta da tsargiya. Yaro ya tashi a bakin Gulbin Rima ko fadamun Argungu ko wajen madatsar Bakolori da ta Goronyo, yana wanka yana su, yana fitsarin jini, manya suna cewa ai alamar girma ce. Tsutsar tana nan cikin jikinsa shekara da shekaru tana yi wa mafitsara rauni, har ranar da ya zama magidanci raunin ya juye ya zama daji. Alhali kuwa maganin tsargiya 'yan ƙwayoyi ne masu araha.

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne mafi yawan majinyata ba su isa asibiti sai ciwo ya yi nisa. Dalilan haka sanannu ne. Kalmar daji a bakin jama'a ta haɗa kumburi iri iri, wani maruru ne, wani kuwa sankara ce ta ainihi, ba mai iya rarrabe su sai an ɗebi ɗan tsoka an duba a madubin likita. An kuma daɗe ana faɗin cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, saboda haka sai a yi wata da watanni ana shafe-shafe da turare da sakiya. Ga kunya, wadda ke hana mace ta nuna wa ko mijinta ƙullutun da ta ji a ƙirjinta. Ga kuma tsoron kuɗi, wanda ya fi duk sauran ƙarfi. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, amma talaka ya kan ƙi kai iccen ne don ya san ba shi da ladan mai tanƙwarawa.

YADDA JINYAR TA KE

Ya kai mai karatu, ba za a gane inda taimako ya ke kasawa ba sai an san matakan jinyar. A ɗauki misali da wata mace a wani ƙauye na ƙasar Argungu, wadda ta ji ƙullutu a mamanta. Da fari za a kai ta asibitin gari, a tura ta babban asibiti, a ɗebi tsoka, ta jira sakamako mako biyu ko fiye. In ya tabbata sankara ce, sai hotuna da awon jini don a san ko ta yaɗu. Sa'an nan aiki, watau a yanke ƙullutun ko a cire maman duka. Sa'an nan maganin nan mai ƙarfi da a ke sa wa ta jijiya cikin ƙarin ruwa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira kemo. Shi ba a yinsa sau ɗaya. A kan yi shi sau shida ko takwas, tsakanin kowane da na bayansa mako uku, kafin kowane kuma sai an auna jini, in ya yi ƙasa sai an ƙara mata. Bayan wannan sai gashi da na'ura, wadda ke aika wani haske marar ganuwa ya ƙone ragowar ciwon. Gashin nan kullum a ke yinsa, kwana biyar a mako, har mako uku ko biyar ko fiye. Masana sun ce wajen rabin masu ciwon daji duka suna bukatar gashin nan a wani mataki na jinyarsu.

To, a dubi abin da wannan ya ƙunsa ga mutumin ƙauye. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ke da sashen wannan ciwo, tafiyar wajen kilomita 150 ce. Mutumin Yawuri tafiyarsa ta fi haka nesa ba kusa ba. Mutumin Gusau ko Ƙaura Namoda sai ya zaɓa tsakanin Sakkwato da Shika ta Zariya, hanyoyin kuwa a shekarun nan 'yan bindiga sun sa ba a binsu sai da rana tsaka da addu'a. Majinyaciya ba ta tafiya ita kaɗai, sai da mai jinya, kuɗin mota ya zama biyu. In ta zo gashi sai ta sami wurin kwana na wata guda a garin da ba ta san kowa ba, da abincin mutum biyu. A gida kuwa an bar gona ba mai noma, an bar yara ba mai dafa musu. Na'urar gashi kuma abu ce mai laulayi, kaɗan ce a ƙasar duka, in ta wani gari ta tsaya sai a ce wa majinyata su nufi wani gari mai nisa, su sake shiga layi.

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane ya ke fitowa kai tsaye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin mota da na magungunan da a ke shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashin ma'aikaci da aka yanke a 2024 naira 70,000 ne a wata, jinyar sankara kuwa daga farko zuwa ƙarshe lissafinta na miliyoyi ne. Shi ya sa tsarin ya ke kusan ɗaya a kowane gida: a fara da sayar da akuya, a bi da sa, a jinginar da gona, a ci bashi, a zagaye na uku ko na huɗu na kemo hannu ya ƙare. Maganin da aka yanke a tsakiya kuwa ba ya ba da rabin lafiya. Ciwon ya kan komo da ƙarfi, a yi hasarar dukiya, a yi hasarar rai, maƙwabta kuma su ɗauki darasin da ba daidai ba, su ce ai wance ta je asibiti ba ta tashi ba.

HANNUN GWAMNATI DA INDA YA TSAYA

Ba za a ce Gwamnati ta naɗe hannu ba. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na taimakon matalauta masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta dattawan maza, aka fara shi a asibitoci shida, uku a Arewa, watau Zariya da Gombe da Abuja. A 2022 aka sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta tanadi wani asusu domin marasa ƙarfi. A watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV, wadda ita ce sanadin kusan dukan sankarar bakin mahaifa, kyauta, Kebbi tana cikin jihohin da aka fara da su, sauran jihohi suka biyo a 2024. A 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiyar jinyar wannan ciwo a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wadda ta rage wa mutanen gabashin Zamfara nisa.

Akwai kuma masu zaman kansu da suka tsaya. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara, matar tsohon Gwamnan Kebbi, ta kafa gidauniyar Medicaid wadda ke awon mata da wayar da kai, tana kuma shirya tattaki a Abuja kowane watan Oktoba don tara gudummawa. A 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya mai mazauni a Janeba, ita ce ta farko daga Afirka da ta sami wannan matsayi.

Duk wannan abin yabo ne. Amma fa asusun Gwamnati, ko ya isa ko bai isa ba, magani ya ke biya. Ba ya biyan kuɗin mota daga Kangiwa, ba ya ba mai jinya tabarma da tuwo, ba ya cike wa wadda ba ta karatun boko takarda, ba ya zuwa ƙauye ya tambayi dalilin da ya sa wance ba ta komo zagaye na huɗu ba. Wannan gurbi na jama'a ne, ba kuwa wanda zai cike shi sai su.

YADDA A KE TARA KUƊI YANZU

Hanyoyin da a ke bi yau huɗu ne. Ta farko karo-karon dangi, wadda ita ce mafi albarka amma ita ce mafi saurin ƙarewa. Ta biyu sanarwa a masallaci bayan salla, a shimfiɗa rawani ko a zagaya da hula. Ta uku roƙo ta gidan rediyo da Facebook da WhatsApp, a sa lambar asusun banki. Ta huɗu ita ce mafi muni, watau a ɗauko majinyaci ko hotonsa a tsaya da shi a mararrabar titi da lasifika ana nuna rauninsa ga masu wucewa.

An ceci rayuka ta waɗannan hanyoyi, ba a musun haka. Amma suna da aibi uku. Na ɗaya, suna bin sa'a. Wanda ya ke da ɗan'uwa mai baki a intanet ko wanda rauninsa ya fi ban tsoro a hoto shi ke samu, mai ciwon hanta da ba a ganin nasa a waje ya koma hannu wofi. Na biyu, suna cin mutunci. Matar da ta yi shekara arba'in ba wanda ya ga ko wuyanta, sai ga ƙirjinta a wayar kowane yaro, domin an ce in ba a nuna ba ba a bayarwa. Mata da yawa sun gwammace su mutu cikin sutura da su rayu ta wannan hanya, ba kuwa za a zarge su ba. Na uku, ba su da lissafi. Ba wanda ya san nawa aka tara, nawa aka kai asibiti, ina ragowar ta shiga in majinyaci ya rasu. Ta wannan ƙofa mazambata suka shigo da hotunan aro, kowace zamba ɗaya kuwa tana rufe hannun masu alheri ɗari. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

ZAKKA DA WAKAFI

Shari'a ba ta bar wannan gurbi a buɗe ba, jama'a ne suka yi sakaci da abin da ke cikin littattafan da a ke karantawa a zaurukansu. A cikin kashi takwas na masu cin zakka da aka ambata a Suratu Tauba, mai ciwon daji matalauci ya kan shiga uku. Faƙiri ne, gama abin hannunsa ba ya isarsa. Mai bashi ne, bashin kuwa ba a ɓarna ya ci shi ba. Sau da yawa kuma ɗan hanya ne wanda guzuri ya yanke masa a garin da ba nasa ba. A mazhabar Imamu Malik ya halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara. Saboda haka attajirin da ke canja zakkarsa zuwa ƙananan takardu ya raba wa mutum dubu a ƙofar gida, kowa ya sami na cefanen yini, da ya ware wani kashi ya ɗauke wa mutum biyar jinyarsu daga farko har ƙarshe da ya fi kusa da manufar zakka.

Amma a nan akwai iyaka wadda ya wajaba a kiyaye. Zakka haƙƙin mutum ce, a hannunsa a ke sa ta ko a hannun wakilinsa. Malaman mazhaba ba su yarda a gina masallaci ko ganuwa da ita ba, haka nan ba za a gina masaukin majinyata ko a sayi mota da ita ba. Ba kuma a ba da ita ga wanda ciyar da shi ya wajaba a kan mai bayarwa, saboda haka miji ba zai biya wa matarsa magani ya lissafa shi cikin zakkarsa ba. Mafita ita ce majinyaci ya wakilta amintattun mutane su karɓa da sunansa, su biya asibiti, su ba shi rasit.

Gini da mota da gona kuwa aikin wakafi ne, wanda a ke kira hubusi. A nan mazhabar Malik ta fi kowace sauƙi. Kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, ba sharaɗi ba ne wakafi ya zama na har abada, ya kuma halatta a kan dabba da kaya, ba sai ƙasa da gini kaɗai ba. Ma'anar wannan ita ce mai gida a Sakkwato da ke da ɗaki biyu a kulle zai iya wakafinsu shekara biyu ga majinyatan da suka zo gashi, in wa'adi ya cika su koma hannunsa. Mai motar haya zai iya wakafin kujera biyu kowace Litinin. Mai lambu a fadama zai iya wakafin amfanin itatuwan mangwaro goma. Sharaɗin da a ke yawan mantawa shi ne abin ya fita daga hannun mai shi a karɓe shi tun yana da lafiya. In ya bari sai ciwon ajali ya kama shi, to, ya zama hukuncin wasiyya, ba ya wuce sulusin dukiya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Asibitin da Sarkin Masar Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar wakafi ya yi ɗaruruwan shekaru yana jinyar mutane. A wannan zamani ma, a Alƙahirar nan, an buɗe asibitin yara masu ciwon daji a 2007 da gudummawar jama'a, sunansa 57357, watau lambar asusun bankin da aka tara kuɗin a ciki, ana kuwa jinyar yara a cikinsa kyauta. A Lahor ta Pakistan, Imran Khan ya buɗe asibitin Shaukat Khanum a 1994 da sunan mahaifiyarsa wadda wannan ciwo ya yi sanadinta, zakka da sadaka su ne ginshiƙinsa, mafi yawan majinyatansa kuma ana ɗauke musu kuɗi. Abin da ya riƙe waɗannan wurare shi ne gudummawa mai zuwa kowane wata, da lissafi wanda a ke bugawa kowa ya gani.

A gida ma akwai harsashi. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Wakafi, a cikin ayyukanta akwai biya wa matalauta kuɗin magani. Zamfara ma tana da tata. Abin da ya rage shi ne a ware wa masu doguwar jinya babi nasu dabam, gama wanda a ke biya wa maganin zazzaɓi sau ɗaya da wanda zai komo sau takwas ba a auna su da mudu ɗaya.

ABIN DA KOWANE GARI ZAI IYA

Na farko, asusu tsayayye a kowane masallacin Juma'a ko kowace gunduma. A yi lissafi: masallacin da mutum 1,000 ke salla, in kowa ya ba da naira 100 kowace Juma'a, naira 100,000 ke nan a mako, fiye da miliyan 5 a shekara. Manomi ya ba da tiya a lokacin kaka, mahauci da ɗan tireda da ƙungiyar direbobi kowa ya yanka wa kansa abin da zai iya. Da yayyafi kogi kan cika. Ƙa'idar asusun ta zama ɗaya: duk wanda aka ɗauka, an ɗauke shi har ƙarshen maganinsa. Gara a kammala wa mutum uku da a fara wa talatin a bar su a hanya.

Na biyu, amana a rubuce. A raba akwatin zakka da na sadaka. Kada kuɗi su fita sai da hannun mutum uku, liman da wakilin hakimi da ma'aikacin lafiya. A biya asibiti kai tsaye bayan an ga takardar likita. Kowane wata uku a karanta lissafi a gaban jama'a, a faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, ba tare da an ambaci sunan majinyaci ko ɗaya ba. Ta haka a ke tsare dukiya a kuma tsare sirri.

Na uku, masauki kusa da manyan asibitoci. Kakanni sun san wannan, ba garin da fatake ke sauka da ba shi da zango da mai masauki. Kowace masarauta, Gwandu da Argungu da Yawuri da Anka da sauransu, tana da 'ya'ya masu hali a Sakkwato da Zariya da Katsina. Gida ɗaya mai ɗaki shida, da rijiya ko famfo, da murhu, da buhun hatsi, zai hana mutane da yawa barin gashi a tsakiya.

Na huɗu, ɗan jagora. A kowane masauki a sami saurayi ko budurwa mai ilmin boko wanda ya san ƙofofin asibiti, ya cike takardun neman asusun Gwamnati, ya riƙe ranakun komowa a littafi, in ranar wani ta yi bai zo ba ya buga waya ga mai unguwarsu. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini, waɗanda a ke gani da kakinsu a filin Idi da sansanin alhazai, sun dace da wannan aiki. Su ne kuma za su iya tsara samari masu ba da jini, a san irin jinin kowa, don kada mai jinya ya riƙa yawo da dare yana neman wanda zai sayar masa.

Na biyar, sha'anin mata a hannun mata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna kai ilmi ga matan ƙauyuka har cikin ɗakunansu. Irin wannan hanya ce za ta kai wa mace labarin cewa ƙullutun da ba ya zafi shi ne abin tsoro, jinin da ke zuwa bayan al'ada ta ɗauke ba a zama da shi, rigakafin 'yan mata da na ciwon hanta da a ke yi wa jarirai kuma kyauta ne. Malaman makarantun Islamiyya mata da ungozomai su ne jajojin yau.

Akwai magana kuma ga maza. A 2010 likitocin Zariya suka buga sakamakon bin sawun matan aure 81 da aka cire wa mama, suka tarar bayan shekara uku fiye da sulusinsu aurensu ya mutu ko an rabu. Wannan abin kunya ne ga al'umma. Matar da ta shayar da 'ya'yan mutum da wannan gaɓa ba ta cancanci takardar saki ba ranar da aka yanke ta. Tsoron haka shi ke sa wasu mata su ƙi aiki har lokaci ya ƙure, saboda haka mijin da ya tsaya wa matarsa ya ba da gudummawar da ta fi ta mai miliyan. Ya kamata limamai su faɗi wannan a kan mumbari, su kuma faɗi cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da girman ilminsa da tsoron Allahnsa, ya wallafa littattafai a kan magani.

WANDA MAGANI YA KASA

Daga ƙarshe, akwai wanda likita zai ce ciwonsa ya wuce warkewa. Wannan ma bai fita daga haƙƙin jama'a ba. Akwai maganin kashe zafi mai ƙarfi, irin su mofin na sha, wanda likita ke rubutawa, yana sa majinyaci ya yi barci, ya yi salla, ya yi wasiyya cikin hankalinsa. Yana bukatar auduga da bandeji da sabulu, da mai wanke masa rauni, da mai zama kusa da shi ko da wari ya kori sauran mutane. Mai jinyarsa ma tana bukatar wadda za ta karɓe ta yini ɗaya ta huta. Waɗannan abubuwa ba su da tsada, amma su ne a ke fara mantawa da su.

Jama'ar da za ta cika zaure ranar sadakar uku, ta yanka rago, ta dafa shinkafa buhu guda, tana da ikon kai rabin wannan tun mai shi yana numfashi, sa'ad da kuɗin mota zuwa zagaye na huɗu ne kaɗai ya rage tsakaninsa da kammala magani. Ajali na Allah ne, ba mai ƙara shi ba mai rage shi, amma za a tambayi maƙwabci abin da ya yi da abin da ke hannunsa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa ciwo ya zama kaffara, ya saka wa masu jinya da masu bayarwa da mafificin alheri, ya jiƙan waɗanda suka rigaya. Amin. Wassalamu.